Makullin da Alhaji Ya Ba Ni

Shekara tara ina kontabul, wato akawu, a gidan wani Alhaji mai fataucin albasa a Madawa. Karatuna na lakkwal, makarantar boko, bai wuce aji shida ba, jarrabawar fita ma sau biyu tana kayar da ni, amma na iya jera lamba ba ta karkace ba. Aikina rubutu ne kawai: buhu nawa ya hau kamiyo, babbar motar kaya, nawa ya ruɓe a hanya. Kowa na gaishe ni da fara'a, don ba ni da abin da zan hana kowa.

Bayan wata damina da ta ƙi, babban ɗan Alhaji ya dawo daga Yamai da tabarau da shawara. Ya ce dangi na tsotse gidan, sai an naɗa darektan kuɗi, wanda in bai sa hannu ba ko dala ba ta fita. Na zaci cikin ƴaƴan gida za a zaɓa. Sai Alhaji ya nuna ni da carbi.

Na koma gida ina taku kamar sabon kwamanda. Na ɗinka babbar riga, matata ta raba masa ga maƙwabta. Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa mai ƴaƴa maza bakwai zai miƙa wa bare makullin akwatin kuɗi ba.

Kwana huɗu da naɗin, kawun Alhaji ya iso daga Deule, tsoho mai sanda, yana son jikka arba'in ya sayi sa na noma. Alhaji ya ce, "Kawu, ai wanga ba abin magana ba ne. Tahi wurin darekta."

Tun da safe kuwa Alhaji da bakinsa ya gargaɗe ni: kowa ya zo, babu.

Na gyara zama na ce, "Baba, ka yi haƙuri, bana ba hali."

Tsohon ya dube ni daga hula har takalmi. "Kai ɗan wa?"

Na faɗi sunan ubana.

"Mai gyaran keken nan? Ni na goya uwar mai gidan ga, kai ka hana min?"

Ya ɗaga murya har masu ɗinkin buhu suka bar allura. Alhaji ya fito da sauri, ya rufe ni da faɗa gaban jama'a: ba ni da kunya, ban san manya ba, kujera ta hau mini kai. Ya zura hannu aljihu ya ƙirga wa kawu jikka goma sha biyar, yana rantsuwa iyakar abin da wanga mugu ya bar mishi ke nan. Tsohon ya tafi yana sa masa albarka, ni yana tofar da yawu ta wajena.

Da la'asar na mayar wa Alhaji makullin. Ko kallonsa bai yi ba, yana ɓare goro.

"Ka yi daidai. Gobe ma haka."

"Alhaji, ka zage ni gaban leburori."

"To wa zan zaga? Ni ba ni iya ce ma wan uwata babu. Kai ko ba ka da kawu a gidan ga." Ya miƙo mini rabin goron. "Ƙarshen wata akwai mobilet."

Ina so in ce na ajiye makullin na fita. Ban ajiye ba. Na tuna mobilet ɗin, ɗan babur ne ja, na taɓa ganinsa a gareji. Na karɓi goron.

Haka muka yi shekara shida: ni in hana, shi ya zage ni, ya ba da kashi ɗaya cikin uku. Gidan ya tsaya da ƙafafunsa, har aka ƙara kamiyo biyu. Ni kuwa daga Sabon Gida har Buza in na yi sallama a wurin suna, sai a amsa mini da hanci.

Ranar da Alhaji ya rasu ina zaune a bakin tabarma wurin gaisuwa. Wata tsohuwa da ba ta san fuskata ba ta ce mini, "Bawan Allah mai kyauta! Da ba don wani azzalumi da ke riƙe mishi kuɗi ba, da ba a bar talaka ba a ƙasar Adar."

Na ce, "Wallahi, Inna. Allah ya shirye shi."