Tubalin da Iya Ta Hana a Ɗora

Ƙarfe uku da kwata na rana ruwan ya fara zubowa ta jinkar bukkarmu. Na riƙe lokacin ne domin ina duba agogo, ina gwada kaina da tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Kafin in janye buhun littattafaina, tawada ta narke a shafi goma sha ɗaya na abin da na kwashe zango guda ina kwafa. Daminarmu ta uku ke nan a bayan garin Faskari.

A ƙauyenmu ba a kwana a bukka. Ta gona ce, sanduna da kara da ciyawa, inda ake fakewa in hadari ya taso, ko a zauna korar tsuntsu in gero ya fid da kai. Ana gama girbi a bar wa gara. Makiyayan da ke sauka kusa da mu, matansu ke kafa tasu a yini guda, in sun tashi ko waiwaye ba sa yi. Ban taɓa jin wani ya ce gidanmu yana nufin bukka ba, sai da 'yan bindiga suka tashe mu.

Abin da ya ƙona mini rai, ga tubali nan jibge a bakin ƙofa. Babana ya buga su tun da rani, mai filin da muka sauka ya amince, amma kakata, Iya, ta ce ba za a ɗora ko ɗaya ba tana numfashi. Baba kuwa ba ya musu da mahaifiyarsa. Ruwa na cin tubali, yana cin littattafaina.

Ni ba mai magana ba ce, ko a aji ba na ɗaga hannu. Na shanya shafukan gefen murhu, na yi kwana biyu ina gaishe da Iya a taƙaice. A na uku na ajiye littafin gabanta tana tsintar wake. Na ce saura wata biyu jarrabawa, na ce akuyar maƙwabta ma ta fi mu rufi, na tambaye ta laifin me muka yi mata. Na faɗi komai har ƙarshe.

Ta juya faifai ta ce:

"Ke da karatu, ba ki san bukka ba? Bukka ta mai komawa gida ce. Kakanki na kwance a maƙabartar ƙauyenmu, da ɗiyana biyu. Ranar da aka ɗora tubalin nan, na bar su ke nan. Je ki nemi leda ki naɗe littafinki."