Jana'izata da Sifaniyanci

Tsakiyar zafi ne, irin na Jidda da riga ke manne wa mutum a baya tun da asuba. A shekarar ake ta rushe unguwanni, mu ma a Kurayyat kowa ya ɗaure kayansa yana jira. Ba mai dariya da ƙarfi.

A lokacin ne littafin ɗana ya iso, ta hannun wata mai umra. Ɗan nan a nan na haife shi, amma ba mu da iƙama, wato takardar zama, yana saurayi aka kama shi aka tura Nijeriya, ƙasar da bai taɓa gani ba. Daga can ya bi hamada da teku har Sifen. Ya wanke kwanuka, ya yi makarantar yamma, har ya zama mai rubuta labarai. Da na ji haka sai na shiga ajin yaƙi da jahilci da wata baiwar Allah ke yi mana a ɗakinta, don in karanta shi da idona.

Na buɗe, haruffan duk na sani, kalma ko ɗaya ban gane ba. Sifaniyanci ne. Na dinga haɗa baƙaƙen a bayyane, maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Hajiya, aljanu ake kira ne? Ki sa su riƙe mana katangar."

A gidan da nake shara a Abhur akwai mai girki 'yar Moroko da ta iya harshen. Bayan azahar ta zauna tana juya mini zuwa Larabci. Ga lungunmu, ga ƙofarmu mai tsatsa, ga wata uwa mai sayar da gyaɗa a Bab Makka, mai magana ƙasa-ƙasa. Ni ce. Sai mai girkin ta dakata da karatun.

Na ce, "Ci gaba, 'yata."

Ta ce, "Khala, wanka ake yi wa matar. Ta rasu. Shi ya sa yaron ya tafi, ba shi da kowa kuma."

Na tambaye ta ko ya dawo a ƙarshe. Ta leƙa bayan littafin, ta girgiza kai. Ta ce, "Ƙarya ce fa sana'ar marubuta, kar ki sa a rai. Halas, ya isa haka, tashi mu sha shayi."

Na sha. Amma kowace shekara yakan ce mini baɗi zai zo umra, ni kuma ba ni da takardar fita. Ban ga laifinsa ba. Wataƙila sai da ya binne ni sannan ya iya zama a can.

Da yamma ya turo saƙon murya: "Ummi, kin sami mai karanta miki?" Hausarsa ta yi nauyi, yana laluben kalmomi.

Washegari da safe na danna wayar na ce, "Ban samu ba tukuna, ɗana. Allah ya yi albarka." Na ɗauki abayata na fita jiran motar Abhur.