Kwana Huɗun da Na Yi Shiru a Ajin Inna

Wata ranar Alhamis, a daminar da na cika shekara tara, na dawo daga wanke allo na tarar da Inna, mahaifiyata, a durƙushe gaban wata yarinya a ajinmu na tamfol, a sansanin 'yan gudun hijira na Durumi. Inna fa, wadda ni ba ta kallona sai da aike a bakinta!

Yarinyar Kulu ce. Tare muka gudo daga Gwoza, sai dai ita ba ta iso da kowa nata ba, kuma tun zuwanta ba wanda ya ji muryarta a aji. Inna kuwa malamar sa-kai ce, alli da tsumagiya kawai ta sani. A shekarar ne aka fara turo wa malamanmu wasan kwaikwayo ta waya. In an tashi, sai su taru a gindin kashu, su haɗa kai kan waya ɗaya mai fasasshen gilashi, su kalli yadda wata malama ke lallashin yaron da tsoro ya hana magana. Daga nan su kwaikwaya, ka ga ƙato da gemunsa a kan benci wai shi ne yaron. Mu muna laɓe muna shan dariya.

Dariyata ta ƙare da Inna ta ajiye tsumagiya ta kawo wasan cikin aji. Kullum sai ta durƙusa daidai fuskar Kulu, ta sassauta murya: "Kulu, na ga ƙoƙarinki." Ni da na haddace karatun tas, nawa rabon shi ne, "Ke, jarkokin nan su za su kai kansu famfo?" Wallahi na ji kishi, har na tsani ɗan kitson Kulu.

Sai na yi dabara. Tunda shiru ake wa durƙuso, ni ma na kama bakina. Kwana huɗu ban ce uffan ba, ko 'yar gala-gala na daina fita, ina jiran Inna ta sauko gabana. A rana ta biyar muna tsince shinkafa ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Kin gama naki wasan?" Na fashe da kuka. Ta bari na yi mai isata, sannan ta ce, "Ke kina da ni a gida. Ita a aji kawai take da ni."

Yanzu ni ma malama ce a Kwali, kowane malami da wayarsa yake kallon irin wasannin nan shi kaɗai, ba gindin kashu, ba dariya. Kulu ta yi baki har ya yi yawa, tana sayar da atamfa a kasuwa, kuma duk Juma'a sai ta kira Inna. Na fahimci waccan maganar ta Inna tuntuni. Amma har yau, in na ga sunan Kulu a wayar Inna, sai na ɗan yi jinkiri kafin in miƙa mata.