Indomin Motata

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Kano, ni da wani abokina, za mu Maiduguri ta'aziyya. Ana gobe tafiyar na karɓo motata daga hannun bakaniken da ya shekara goma yana yi mini aiki.

Bayan Potiskum mai ya yi ƙasa, gidajen mai kuma duk a rufe. Na sayi na jarka a bakin titi, ga araha, launinsa kamar baƙin shayi. Abokina ya ce kada in saya, na ce ya ji da ƙosansa.

Ba mu yi nisa ba mota ta fara warin ruɓaɓɓen ƙwai. A wani shinge bayan Damaturu soja ya shinshina, ya ja da baya, ya gyara riƙon bindiga. A shekarun nan ko tari ka yi sai an dube ka. Aka sauke mu, hannu sama, riga a ɗage, aka zazzage kayanmu har buhun geron ta'aziyya. Na tsorata ƙwarai.

Da aka sake mu, abokina ya ce ai indomi aka cire mini. Na zaci abinci yake nufi. Ashe wani abu ne a cikin salansar mota, mai ramuka kamar taliya, shi ke tace hayaƙi, kuma ana yawan sace shi. Nan take na kira bakanikena na ce masa ɓarawo. Sai ya ce, "Allah Ya kai ku lafiya, Alhaji."

Da muka isa Maiduguri, a unguwar Gamboru muka samu wani dattijon bakanike Babarbare. Shi ma ban yarda da shi ba, na tsaya a kansa ko ruwa ban sha ba. Ya kwance salansa, ya haska mini ciki. Indomi na nan daram.

"Ba wanda ya taɓa shi, Alhaji. Farar wuta ce ta yi yawa a manka, ta fi ƙarfinsa, ita ke kawo warin. A ina ka sha mai?"

Abokina ya juya yana kallon titi.

Muka yi ta'aziyya a Ajilari, muka kwana biyu, muka juyo. Duk hanya ina tuna sojan nan. Ya zarge ni, amma sai da ya bincika. Ni ko salansar ban leƙa ba.

Kafin gida na biya gareji na ba shi haƙuri, kunya kamar in nutse. Ya ce ya yafe. Sannan ya shiga ciki ya ɗauko safayan makullin motata, wanda ke hannunsa shekara goma, ya miƙo mini.