Anti Labule, Mai Riƙe Hannun Masu Jawabi

Kafin masu shagunan layin su gama ɗage ƙofofinsu, ita ta riga ta buɗe nata. Ɗan shago ne tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da taya. A ciki akwai teburi guda, da kwamfutoci biyu waɗanda ɗaya ba ta tashi sai an lallashe ta, da kujerar roba ta baƙi da ƙafarta ta sha ɗauri da waya. Takan share ƙasa, ta goge allon kwamfuta da gefen mayafinta, ta ɗora gilashi a karan hanci, sannan ta shiga duba shafukan mutanenta: na makarantar bayan kasuwa, na tela, na ƙungiyar masu kiwon kaji. Sana'arta ke nan, gina wa ƙananan masu sana'a shafin intanet da kula da shi. Da can da tafireta take buga wa mutane takardu. Da tafireta ta daina ci, sai ta koyi kwamfuta furfura na leƙo mata, 'ya'yanta suna mata dariya, har ta zo ta fi su iyawa.

Amma ba shagon ne ya sa aka ɗauki alƙalami dominta ba. Kowace shekara masu gina shafuka da masu rubuta buɗaɗɗiyar manhaja sukan yi taro. Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda mai ita ya bar rubutunta a fili, kowa ya ɗauka ya yi amfani, ya gyara, ya ƙara, ya bar wa na baya. Taron ma haka yake, aikin sa kai ne daga mai jera kujeru har shugaban kwamiti. Masu jawabi su ake buga hotunansu, su ake yi wa tafi. Ita kuwa wurinta gefen dandamali ne, bayan labule, da makirufo a hannu da gorar ruwa a hammata. Can ta samo sunan da ya bi ta, Anti Labule, kuma da yawa daga masu zuwa taron sun san sunan ba su san fuskar ba.

Aikinta yana farawa tun taro na da nisa. Ita ke farautar masu jawabi, kuma ba ta son a yi ta maimaita fuskokin bara. In ta ji labarin wani ya yi abin kirki a lungunsa, sai ta bi shi da waya, in ya ƙi ɗagawa ta bi shi da ƙafa. Wanda ya amsa, to ya shiga hannu, domin sai ya zo shago bayan la'asar ya gwada jawabinsa a gabanta. Takan kira maigidanta, tsohon direban babbar mota da ya ajiye aiki, ta zaunar da shi a kujerar roba a matsayin jama'a. Dokar guda ce: in Baban yara ya fara gyangyaɗi, a sake lale. Shi kuwa yakan ce a duk duniya babu wanda ya kai shi sanin shafin intanet cikin waɗanda ba su taɓa taɓa kwamfuta ba. Wani malamin makaranta mai in'ina, wanda ya rantse ba zai tsaya gaban taro ba ko da za a yanka shi, a shagon nan ya koyi jan numfashi kafin kalmar da ke sarƙe shi. Yau shi ake gayyata wurare.

Abin da waɗanda suka gani ba sa mantawa shi ne shekarar da Dogo ya rasu.

Dogo mai gyaran waya ne, mutum marar hayaniya. Ƙanwarsa nas ce a wani ƙaramin asibitin unguwa, kuma kullum tana dawowa gida da ƙorafin mata masu ciki da ke manta ranar awo, da jarirai da ke tsallake rigakafi. Sai ya zauna ya rubuta 'yar manhaja da ake haɗawa da shafin asibiti, ta riƙa tura wa uwa saƙo a ƙaramar wayarta in ranarta ta matso. Ya sake ta kyauta. Ƙananan asibitoci da dama suka ɗauka, har waɗanda bai san inda suke ba. Anti Labule ta sha fama da shi kafin ya yarda zai yi jawabi a kanta. An buga hotonsa, an ba shi babban zaure. Ana saura 'yan makonni a yi taron, mota ta buge shi a kan babur ɗinsa yana dawowa daga sayen kayan gyara, bai kai asibiti ba.

Anti ta je gaisuwa. Tana zaune cikin mata a tsakar gida, sai ta lura da wayar mamacin a hannun ƙanwarsa, tana ta ƙara. Nas ɗin takan duba, ta share hawaye, ta rubuta amsa. Da mutane suka ragu Anti ta matsa kusa ta tambaye ta. Ashe ma'aikatan asibitoci ne ke turo tambayoyi kamar yadda suka saba, ba su san Dogo ya tafi ba, ita kuma ta kasa gaya musu. Abin da ta sani takan amsa, don dama ita ke gwada masa komai kafin ya saki. Amma rubutun manhajar ba ta iya shi ba, kuma Dogo ya gaya mata da bakinsa cewa akwai gyaran da in ba a yi ba kafin ƙarshen shekara, saƙonnin za su daina fita.

Anti ta bari aka kwana biyu, sannan ta sami nas ɗin a asibiti lokacin tashi, suka zauna a bencin masu jiran awo da babu kowa a kai. Ta ce mata zauren nan da aka ba yayanta zai cika da mutanen da suka iya irin rubutunsa, kuma manhajar a buɗe take, kowa zai iya ɗauka ya ci gaba, sai dai babu wanda zai ɗauka in ba a gaya masa tana neman mai riƙo ba. Nas ta girgiza kai. Ta ce ita allura ta sani da awon jini, ko a taron ma'aikata ba ta ɗaga hannu.

"Anti, in na hau wurin nan kuka zan yi, in kunyata Yaya."

"In kukan ya zo ki yi abinki, 'yata. Ina nan kusa da ke. In kin gama sai ki gaya musu abin da ya bari."

Kwamiti bai so ba. Shugaban ya ce, kuma da gaskiyarsa ta wani gefen, bai dace a tsayar da mai sabon rashi gaban ɗaruruwan mutane ba, ga shi ba 'yar sana'ar ba ce. Ya kawo shawarar a yi shiru na ɗan lokaci don tunawa da Dogo, a ba wani gogagge zauren. Anti, wadda ba a san ta da musu a zaman kwamiti ba, ranar ta kafe. Ta ce shiru ba zai tura wa mai ciki saƙo ba. Ta ce in abin ya lalace a ɗora mata, ta yarda a karɓe aikin daga hannunta. Aka bar mata, ba don an gamsu ba.

Gwajin shago bai yi daɗi ba. Nas takan fara da kyau, da ta zo kan sunan yayanta sai murya ta ƙi. Baban yara, wanda ke barci a jawabin manyan masana, bai runtsa ba ko sau ɗaya. Yakan dai tashi ya ce zai duba ko an tare masa hanya, ya dawo ido jajur. Anti ta rage jawabin, ta sake ragewa, har ya zama abin da za a iya faɗa a tsaye a bakin ƙofa.

Ranar taro zaure ya cika har ana tsayuwa a jikin bango. Anti ta maƙala mata makirufo a wuyan riga, ta riƙe hannunta har aka kira ta. Nas ta fita, ta yi sallama, ta faɗi aikinta. Sai mai kula da majigi, da kyakkyawar niyya, ya haska hoton Dogo a babban allo, abin da ba a shirya da shi ba. Ta waiga ta ga yayanta yana murmushi, ya fi ta tsawo har a bango. Bakinta ya buɗe, babu abin da ya fito. Aka fara jin motsin kujeru da tari, shugaban kwamiti ya soma miƙewa daga layin gaba.

Sai labule ya motsa. Anti ta fito a hankali da gorar ruwanta, ba ta dubi jama'a ba ko kaɗan. Ta tsaya ta yadda nas za ta juya wa hoton baya in tana kallonta, ta miƙa mata ruwa, ta jira ta sha. Sannan ta yi mata magana kamar suna zaune a bencin asibiti, makirufo kuwa ya ɗauka kowa ya ji.

"'Yata, matar nan da kika ba ni labari, wadda ƙafafunta suka kumbura. Yaya aka yi ta zo awo ranar?"

"Saƙo ne ya shigo mata tana wanki," in ji nas, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ta ce da ba za ta zo ba. Da muka auna ta, jininta ya hau sosai. A ranar aka wuce da ita babban asibiti."

"Yanzu fa?"

"Tana nan. 'Yarta har ta fara rarrafe."

Daga nan maganar ta ɓalle. Nas ta juya ga jama'a ta ba su labarin yadda ake aiki da manhajar a ɗakin awo, inda take taimako da inda take ba su wahala, da gyaran da ke jira. Ta ce ita ba ta iya ba, Yaya kuma ya tafi, ta zo ne ta tambaya ko akwai mai ɗauka. Ba ta san lokacin da Anti ta koma bayan labule ba. Da ta gama ba a yi tafi nan da nan ba. Wata mata ce daga tsakiyar zaure ta fara ɗaga hannu ta ce za ta duba rubutun, sai wani a baya, sai wani. Kafin a watse sun zauna a wani lungu da kwamfutocinsu, nas a tsakiya tana nuna musu. An yi gyaran kafin lokaci, saƙonni ba su tsaya ba, kuma har yau mutanen nan ne ke riƙe da manhajar. Shugaban kwamiti ya je bayan labule ya tsaya gaban Anti, ya karɓi gorar ruwan ya riƙe mata.

Anti, ke ce garkuwar mai rawar murya. Ke ce kika san wanda ke bukatar a ƙarfafa shi da wanda ke bukatar a yi masa shiru, kika san mai cika baki da tsoro ke cinsa a ciki. Mutane da yawa sun hau dandamalin nan da ƙafafunki, suka sauko da sunansu, ba ki taɓa cewa a tuna da ke ba.

Bana Anti ta gaya wa kwamiti ta ajiye aikin. Kunnuwanta ne suka fara nauyi. An roƙe ta, an ce za a nemo mata abin sawa a kunne, ta ce ta gwada, yana kawo mata magana amma ba ya kawo mata rawar da ke ƙarƙashin magana, kuma aikin nan da wannan ake yinsa. Ta ce gara ta sauka da kanta kafin wani ya shaƙe a gaban jama'a ita tana tsaye ba ta ji ba. Shagonta dai yana nan, za ta ci gaba da buɗewa.

Mun gode, Anti. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara miki lafiya ke da Baban yara, ya sa 'ya'yanki da jikokinki su sami mai riƙe hannunsu a ranar da murya ta ƙi.

Mu kuma da muka rage, har yanzu kwamiti bai sami wanda zai tsaya a gurbinta ba, domin masu neman a ba su zaure sun yi yawa, masu neman gefen dandamali babu ko ɗaya. Ba aiki ne mai neman digiri ba. Kowannenmu ya san wani a wurin aikinsa ko a gidansu da ke da abin faɗa amma tsoro ya danne shi. A je a same shi, a zauna a saurare shi har ƙarshe, in ya kakare a ce ya sake. Ranar da zai tashi gaban mutane kuma, kada a tura shi shi kaɗai.