Na Faɗa Masa Hanya, Ya Bar Ni Cikin Rafi

Ranar da abin ya fara mu biyar ne a bakin shagon Mudi, cikin tashar Gummi. Akwai Mudi mai shagon, da Bawa kamasho, da Ladan mai faci, da Sahabi ɗan ƙanwata, sai ni da tukunyar dambuna. Na ambace su ne don kowannensu ya sake tsayawa kusa da ni wata rana, a gaban alƙali.

Ban taɓa zama a makaranta ba. Wannan da kuke karantawa faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana. Da ku matasa nake.

An haife ni a wata tunga kusa da Adabka. Tun ina budurwa nake bin kasuwanni da jaki, daga Nasarawa Burkullu zuwa Bukkuyum, wani lokaci har Anka. Babu mashigin rafi ko yanken daji da ƙafata ba ta sani ba. Da maigidana ya rasu na koma Gummi na kafa tukunya a tasha. An san ni da tsauri da sa ido. Matafiyi kan ajiye kayansa gefena ya tafi salla, ya dawo ko igiyar ba a taɓa ba. Wannan ne kawai abin da na mallaka, kuma ya ishe ni. Shi Sahabi, uwarsa ta rasu ana shirin yaye shi, a bayana ya girma. Lokacin da nake ba ku labari ya yi gemu, ya yi mata, yana jan akori-kura ta wani ɗan kasuwa.

Sai Mudi ya kawo na'urar gem ya haɗa da talabijin da ƙaramin janareto. Wasanni da yawa ne a ciki, amma direbobi ɗaya suka riƙe, na tseren mota a daji. Ƙofar shagon tana kallon tukunyata, don haka ko ban so ba ina gani. Kuma gaskiya abin kallo ne. Ba kwalta ake bi ba. Hanya ce ta jar ƙasa da tsakuwa da taɓo, kai ka ce ta Nasarawa Burkullu ce a tsakiyar damina. Ba a jera motoci a sake su tare, kai kaɗai ne a hanya, da agogo kake faɗa. Kafin ka tashi za ka zaɓi tayar da ta dace da ƙasar. In ka daki itace gilashi ya tsage, ƙofa ta ɓalle, sitiyari ya riƙa ja gefe guda, abin dannawar da ke hannunka ya yi ta rawa kamar mai zazzaɓi. In ka gama a sake nuna maka tuƙinka daga waje, ka ga motarka tana watsa taɓo. Manyan mutane masu iyali sai su manta ana yi musu lodi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wani mutum da ba a ganin fuskarsa. Yana zaune gefen direba, yana faɗin hanya da Turanci kafin a iso ta, kibiya tana fitowa a sama. Mudi ya ce aikinsa ke nan, ba ya taɓa sitiyari, amma in ya yi shiru direba ya makance. Direbobinmu ba sa jin abin da yake cewa, kibiyar kuma tana wuce su don gaggawa. Ni da nake zaune wuni guda, sai hanyoyin suka zauna mini a kai kamar na jaki.

To, ranar nan Sahabi ya faɗa rami ɗaya sau uku, a bayan wata gada. Bawa yana ta yi masa dariya.

"Wanga shi ad direban da muka ba lodin mutane? Allah shi kyauta!"

A na huɗu ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Sassauta, bayan gadar hagu ce mai kaifi." Ya sassauta, ya wuce. Na ce, "Taka, babu komai sai tudu." Ya taka. Haka na kai shi har ƙarshe ina juya dambu. Shagon ya kaure da ihu. Ladan ya cire hula ya ce, "Inna, ashe Baturen ciki ƙanenki ne!"

Na daka musu tsawa, amma na ji daɗi a raina. Shekara da shekaru ana jin tsorona, ba a taɓa yi mini tafi ba.

Wasan yana ajiye sunayen waɗanda suka fi sauri, haruffa uku kacal. Sahabi ya hau saman jerin, sai ya ƙi sa nasa, ya sa nawa. Ya kama hannuna ya nuna mini: sanda guda a tsaye, da wasu tagwaye a bayanta. Ya ce, "Inna ke nan." Su ne kawai haruffan da na taɓa ganewa a duniya. Kullum da safe, in an ta da janareto, sai na saci kallo in ga ko suna nan.

Daga nan aka fara. Wata rana ya ce, "Inna, ga masu shinge sun dame mu a hanyar Bukkuyum. Ba ki san wani yanke ba?" Na ce na sani. Ya ce faɗa ba za ta yi ba, sai na zauna gefensa kamar na cikin gem. Na rufe tukunya na shiga. Lodin gero ne na halal, shinge kawai muka kauce wa. Na faɗa wa kaina wannan ba sata ba ce.

A tafiya ta biyu, na ga buhunan ba su da shaidar mai su, ban tambaya ba. A ta uku, tumaki ne aka rufe da tamfol, suna kuka. Na tambaya, ya ce, "Ke dai faɗi hanya, Inna." Na faɗa. Kada wani ya ce an yaudare ni. Na sani. In muka haɗu da mutane a daji, su ga tsohuwa da carbi a gaban mota, sai su ɗaga hannu su ce a sauka lafiya. Mutuncin da na tara a bakin tukunya shi ya zama tamfol na biyu. Ni kuwa abin da nake so shi ne in ji ya ce, "Ba mai kama mu in kina nan." Mota tana tsalle, ina cewa dama, hagu, rami, yana bin bakina kamar lokacin da nake koya masa tafiya.

Akwai abu ɗaya da na gani a shagon Mudi sau ba adadi, na ƙi karanta shi. Wasan yana da wani maɓalli, in ka danna komai ya goge, a mai da kai farkon hanya da sabuwar mota fes. Sahabi bai taɓa ƙarasa tseren da ya lalace masa ba. Da ya ji ƙaramin karo, yatsansa ya kai can. Mudi yakan ce, "Haba Sahabi, ƙarasa mana, ko ta lotse tana kaiwa." Sai ya ce, "Mi zan yi da lotsattsa?" Ladan kuwa shi ne na ƙarshe kullum. Zai ja motar ba ƙofa, ba gilashi, tana hayaƙi, har sai ya kai ta gida, ana yi masa dariya. Ni ma na yi.

Daminar da ta biyo, wani mai kula da sito ya karkatar da takin zamani da aka tanadar wa manoman ƙauyukan Adabka, ya ba Sahabi lodinsa. Na san na su waye. Na san wasu da sunan iyayensu. Duk da haka na shiga mota bayan azahar, na faɗi yanken da zai fitar da mu wajen Anka. Ashe manoman sun ji labari, sun biyo mu a kan babura tare da 'yan banga.

Muka iso wani rafi da nake ƙetarewa tun ina yarinya. Na dubi ruwan na ga ja ne, yana ɗauke da kumfa da karare. An yi ruwa a sama ke nan. Na ce, "Tsaya. Wanga ruwa sabo ne, ya cinye gaɓar can." Ya dubi madubi ya ce, "Suna bayanmu, Inna." Na ce, "Na ce ka tsaya!" Wannan ne karo na farko da ya ƙi bin bakina. Ya taka.

Motar ta kife ta gefena. Ƙofa ta danne mini ƙafa, ruwa ya kawo mini ƙirji. Shi ya fita ta tagarsa, ya tsaya a kan motar. Na ga fuskarsa a sama, ya dubi inda ƙarar babura ke fitowa, ya dube ni. Ya ce, "Inna, bari in nemo mutane." Mutane suna gabas suna tahowa. Shi ya yi yamma.

Waɗanda muka sace wa su suka ciro ni. Sun shiga ruwa har wuya suna ɗaga ƙarfe, takinsu yana narkewa yana bin rafi a gaban idonsu. Wani dattijo, Dikko, wanda muka yi ƙuruciya a tunga ɗaya, ya share mini taɓo a fuska ya tsaya cak. Ya ce, "Ke ce?" Shi ya goya ni zuwa tudu.

Bayan kwanaki Sahabi ya kai kansa, da maganarsa a shirye. Ya ce shi ɗan haya ne, bai san abin da ke cikin buhu ba, bai ma san dajin ba, inda aka ce ya bi nan yake bi. Mai siton ya ce tun farko an gaya masa kayan na Inna ne. Aka kira mutanen tasha. Alƙali ya tambaye su wa ke faɗin hanya. Mudi ya ce ni ce. Bawa ya ce kowa ya sani, har suna aka sa mata a gem. Ladan ya sunkuyar da kai ya ce, "Ita ce, ranka shi daɗe, amma..." Aka katse shi, aka ce iyakar abin da aka tambaye shi ke nan. Babu wanda ya yi ƙarya cikin su ukun.

Alƙali ya ce ko ina da magana. Na dubi Sahabi. Na ba shi lokaci, ina jiran ya ɗago ya ce uwata ce, tare muka yi. Yana ta kallon yatsunsa. Na ce ba ni da magana. Aka ba ni shekara uku, shi aka ja masa kunne aka sallame shi.

Ba zan ba ku labarin gidan yari da yawa ba. Ƙafar ta warke a karkace. Ni da ake ba ajiya, sai ga ni ana caje mini ɗan kwali. Duk ranar ziyara nakan wanke fuska in zauna kusa da ƙofa. Sahabi bai zo ba ko sau ɗaya. Ladan ne ya zo, da man zafi da ƙuli-ƙuli, ya zauna yana ba ni haƙuri kan gaskiyar da ya faɗa. Shi ya gaya mini tun makon shari'a Sahabi ya sa Mudi ya goge haruffan nan uku. A can na tuba, ba don an kama ni ba, sai don fuskar Dikko da ta ƙi barina.

Ranar da aka sake ni na sauka tashar Gummi da la'asar. Wata ce a wurin tukunyata. Janareton Mudi yana ta ƙara, na leƙa, ga Sahabi a kan benci, ya yi ƙiba. Ya gan ni ya ɗan razana, amma bai ajiye abin dannawar ba.

"Inna! Sannu da dawowa. Wallahi ina ta shirin zuwa. Abin da ya wuce a bar shi, mu faro daga farko."

A talabijin motarsa tana dosar gadar nan. Na san abin da ke bayanta, maganar har ta zo mini leɓe. Na riƙe ta. Ya faɗa ramin. Na tsaya ina kallon yatsansa, ya tafi inda ya saba. Hanya ta dawo sabuwa, mota fes. Na juya da sandata na fita.

Ku ji ni, 'ya'yana. Ban ce wasan ne ya ɓata ni ba. Wasa ne mai kyau, har gobe in na ji ƙararsa zuciyata tana motsi. Tafin da aka yi mini ne na ƙi bari ya tsaya a shagon. Kada ka ce ai ba kai ke riƙe da sitiyari ba. Wanda ya faɗi hanya ya yi tafiyar, kuma shi ake samu a ciki in ta kife. Kada ka ara wa kowa mutuncinka ya rufe kayansa, ko a bayanka ya girma. In kuma za ka zauna gefen mutum, tsaya tukuna ka ga abin da yake yi in abu ya lalace a hannunsa. Ni na gani da idona kullum, na zaɓi in yi wa Ladan dariya.

Na kwana a gidan Ladan, wajen matarsa. Da gari ya waye na nemi motar kasuwa mai zuwa wajen Adabka. Direban ya gane ni, ya buɗe mini gaba, na ce a'a, na hau baya cikin buhuna. Ya leƙo ya ce, "Inna, an ce kin san yanke, a rage mana hanya mana." Na ce, "Bi inda kowa ke bi." Da hantsi na sauka, na ja ƙafata har ƙofar gidan Dikko, na ajiye sanda, na durƙusa, na yi sallama.