Badaru da Taken Ɗan Sani

Badaru mai gangar noma mutumin Tudun Marke ne, wani ƙauye a gefen hanyar Bici, inda gona ke manne da gona har sai ka tambaya kafin ka san inda ta wani ta ƙare. Na san shi tun ina aiki a ofishin hakimi. Abin da na gani zan ce na gani, abin da aka faɗa mini zan ce an faɗa mini.

Gidansu gidan kiɗa ne, ubansa da kakansa duk ganga suka rataya. Ga wanda bai tashi a karkara ba, take shi ne sunan mutum a bakin ganga. Kowane manomin da ya isa yana da nasa. In an taru gayya ana yi wa mutum ɗaya aiki, makaɗi na bin bayan manoma, kuma duk wanda ya ji takensa ya miƙe ke nan, ba zai tsaya ba muddin ganga na kiransa. A Tudun Marke abin yana da wata fuska: in kana wurin, makaɗi ya kira kowa ya tsallake ka, to ya shaida wa jama'a cewa ka ƙare.

Babban abokinsa shi ne Tasi'u ɗan Malam Sani, tare aka yi musu kaciya. Tasi'u dogo ne mai faɗin kafaɗa, garmarsa sai da maƙeri ya ƙara mata baki. Tun suna samari Badaru ya yi masa take: "Tashi ɗan Sani, ƙasa na kiranka." A lokacin ba wanda ya ji komai a cikinsa sai gona.

Wajen shekarar 1970 wasu ma'aikatan gidan rediyo suka zo da na'urar ɗaukar murya suna neman kiɗan karkara, suka ɗauki na Badaru. Cikin duk abin da ya kaɗa, wannan taken da waƙar da ya ɗora masa su suka shiga kunnen mutane. Direbobi na rerawa, mata na daka da ita. Aka fara kiransa Kano, yau bikin ɗan kasuwa, gobe taron nunin amfanin gona. Ya kama ɗaki a Fagge, ya ɗauki 'yan amshi, ya sayi agogo da babur. Gangar da aka yi don bakin gona ta koma ƙofar gidajen masu babbar riga waɗanda ba su taɓa riƙe garma ba. In ya zo gida, kwana ɗaya ya koma.

Tasi'u bai riƙe shi da wannan ba, sai dai tsiya. Na taɓa jin su a kasuwa.

"Maroƙi, kana can kana cin nama da sunana, ni ina nan ina cin rana."

"Kai tafi can. Ba don ni ba, ko akuyar gidanku ba ta san sunanka ba."

Sai fari ya zo. A 1972 ruwa ya yi ƙaranci, a 1973 ya ɗauke gero na shirin fitar da kai. Rijiyoyi suka yi ƙasa. Aka sayar da jakunan da ke ɗauko taki daga birni, aka koma dusa da tafasa. Ƙauyen ya yi irin shirun da ba a so, ka wayi gari ba ƙarar turmi ko ɗaya. Maza da yawa suka tafi ci-rani, Tasi'u ya ƙi barin iyali. An faɗa mini, kuma na gaskata, cewa yakan shigo gida ya ce ya ci a waje, don kwanon ya ishi yara.

Da ruwa ya dawo a daminar 1974, Alhaji Sama'ilu mai sayen gyaɗa ya kira gayyar huɗa, ya ce akwai tuwo da miyar nama. Ya aika Kano aka ɗauko Badaru, ya kuma gayyato baƙi.

Da safe, kafin a fita, Hure matar Tasi'u ta tare Badaru a zauren gidansu. Mace ce da ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba. Shi da kansa ya faɗa mini yadda suka yi.

Da yake ba ta kiran sunan mijinta, ta ce, "Malam Badaru, baban su Larai zai je. Na hana, bai hanu ba. Don Allah kada ka kira shi."

"Haba Hure, in tsallake shi a gaban baƙi?"

"In kun haɗu ka dubi ƙafarsa, ta kumbura. Jiya sai da ya dafa bango ya tsallake dokin ƙofa. Ka bar shi ya ci tuwon ya dawo mini."

Ya ce ya ji.

Ta ce, "Ji kawai?"

Ya ce ya yi alkawari.

Ina wurin gayyar, hakimi ya tura mu. Hadari na taruwa a gabas, ba iska ko kaɗan. Manoman da na sani ƙatti duk rigunansu sun yi musu yawa. Tasi'u na zaune gindin ɗorawa, garma a gefensa. Badaru ya fara kira ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ba ya matsa wa kowa, har ya gama da mutanen wurin bai taɓa na Tasi'u ba.

Baƙi suka fara tambayar ina waƙar nan ta rediyo. Alhaji Sama'ilu ya ce, "Badaru, baƙina ba su zo jin kiɗan yara ba."

"Alhaji, fatar ta sha sanyi, ba za ta faɗa daidai ba."

Sai muryar Tasi'u daga gindin ɗorawa: "Maroƙi! Fata ce ta sha sanyi, ko birni ne ya shafe maka sunana? Kowa ka kira, har Ja'afaru da huɗarsa ke tafiya kamar maciji."

Aka yi dariya.

"In na mutu ne ka faɗa mini, in koma gida a yi mini wanka."

Wannan ba wanda ya yi wa dariya. Na ga Badaru ya waiwaya wajen gari, ya daɗe yana kallo. Sannan ya gyara maratayi, ya saki taken.

Tasi'u ya miƙe kamar ba shi ba. Ya kama kunyar huɗa ta farko ya kai ta ƙarshe, ya juyo da ta biyu ya wuce kowa, ƙasa na tashi ta bayansa. Baƙi na ihu, ganga na ƙara zafi. A tsakiyar gona sai ya tsaya, ya jingina da garma, ya karkata kai kamar mai sauraren wani abu. Ya durƙusa, ya kifa. Ganga ta ɗan ci gaba kafin Badaru ya gane. Ba a kai shi gida da rai ba. Aka rufe shi kafin la'asar, ana barin maƙabarta ruwa ya sauko.

A hanyar dawowa wani tsoho ya maimaita kalmomin taken a hankali, "ƙasa na kiranka." Mutane suka dubi juna. Shekara da shekaru suna rera abin, ranar suka ji ɗaya ma'anar.

Daga nan magana ta bazu. Wasu suka ce gangar ta ci shi. Wasu suka ce Badaru ya ba da abokinsa ne don ya yi suna, ai ba a banza ake shiga rediyo ba. Liman ya ce ajali ne, kuma yunwa ce sanadi, amma maganarsa ta tsaya a masallaci. Manoma suka riƙa zuwa ɗaya ɗaya suna cewa, "Badaru, ka ajiye mini nawa tukuna." A Kano kuwa farashinsa tashi ya yi, kowa na son ganin makaɗin da gangarsa ta kashe mutum. A wani biki wani ya ɗaga murya ya ce, "Kaɗa mana waccan mai kisan!" Badaru ya sauke gangar, ya sallami 'yan amshi, bai sake kwana a Fagge ba. Rediyo ba ta san abin da ya faru ba, ta ci gaba da sa waƙar. Hure takan ji ta daga teburin mai shayi, ta rufe ƙofa.

Ya dawo gida ya sayar da babur, ya kama noman gonar Tasi'u. Bai iya ba. Hannunsa ya yi kanta ya fashe, huɗarsa ta zama abin nuni. Masu magana suka ce matar yake nema. Da kaka yakan kai hatsin zaure ya ajiye, Hure ta sa a shigar, don yara sai sun ci, amma ba ta sake ce masa uffan ba. Da shekaru suka ja tsoro ya ragu, samari suka fara neman ya yi musu take, aka koma kiransa ƙananan gayya. Wancan taken dai bai sake taɓa shi ba.

A 1984 fari ya sake zuwa. A shekarar ne Abdussalam ƙanen Tasi'u ya dawo daga kudu, kamfanin da yake wa dako ya rufe. Ya dawo da tari da zafin zuciya. Ya tarar ana kiran gidansu gidan da ƙasa ke kira. Ya nemi aure aka yi ta yi masa hanya-hanya, a gona kuma ba mai son ya jera da shi. Da daminar 1985 ta kama, dagaci ya kira gayya, Abdussalam ya je wurin Badaru.

"Yaya Badaru, taken gidanmu nake so. Ni ma ɗan Sani ne."

"Zan yi maka sabo, wanda ya fi shi."

"Ba na so. Muddin kana ɓoye shi, mutane za su ce akwai abu a cikinsa. Ka kaɗa, in yi noma in koma gida da ƙafata, bakin kowa ya mutu."

"Ƙanena, yaushe rabonka da ƙoshi?"

"Wannan ba ruwanka. In ka tsallake ni ranar nan, ka kashe gidanmu sau biyu."

Labari ya riga ranar isa. Na je, kuma ban taɓa ganin gayya irinta ba. Mutane daga ƙauyukan kewaye sun cika gefen gona, har da mata daga nesa, amma ba hira ba dariya. Ba noma suka zo kallo ba. Badaru ya kira sauran manoma, sannan ya tsaya ya share tafin hannunsa a riga, ya saki taken. Wata tsohuwa ta yi salati.

Abdussalam ya miƙe. Kunyar farko ta tafi daidai. Da ya juyo, jama'a suka sami baki, ana cewa a ƙara masa wuta. Badaru na bin sa a baya dab da dab. Daga baya ya ce mini numfashin Abdussalam ya ji, yana fita da fito kamar zuga-zugin da ya huje, sannan ya ga gwiwa ta fara rawa. Abdussalam ba zai tsaya ba muddin ana kiransa. Makaɗin da ya yanke kiɗa kafin manomi ya kai bakin gona kuwa, a wurinmu ya gama sana'a, don ya nuna hannunsa ya mutu.

Badaru ya saki sandar kiɗan ta faɗi. Ya zauna a ƙasa daɓas, ya riƙe wuyan hannunsa, ya ɗaga murya yadda na ƙarshen gona zai ji.

"Jama'a ku shaida, ni na gaji! Ɗan Sani ya kayar da ni. Hannuna ya mutu."

Sai wani ya ce, "Maroƙi ya ƙare!" Samari suka ɗauka da ihu.

Abdussalam ya juyo idonsa jajur. "Ɗauki! Wallahi ka ɗauka!"

"Ba zan iya ba, ƙanena."

Ya nufo Badaru da garma a hannu, bai ƙaraso ba tari ya sarƙe shi, sai da aka riƙe shi aka zaunar. Ya yi jinya har kaka, ya tashi.

Tun ranar ba a sake kiran Badaru gayya ba. Yanzu igiya yake tufkawa a ƙofar gida, yana kaiwa kasuwar Bici. Gangar na rataye a ɗakinsa, kuma har yau akwai masu cewa ba ta ƙoshi ba, jira take, ba sa bin bayan katangar ɗakin. Abdussalam ya yi aure, yana da 'ya'ya. A ganinsa Badaru ya yanke masa noma a gaban duniya, ya bar maganar mutane da rai, don haka ba ya gaishe shi.

Kwanan baya na zauna wurin Badaru, na tambaye shi ko fushin Abdussalam na damunsa.

Ya ce, "Kullum da safe ta nan yake bi da garmarsa, ya kau da kai." Ya tofa yawu a tafi, ya ci gaba da tufka. "Amma da ƙafarsa yake wucewa, Malam."